Yadda Ake Gane Irin Jikin Mota Kafin a Biya Kuɗi a Kumasi

Yawancin 'yan'uwan da ke neman in raka su sayen mota, da suna a baki suke zuwa. Wannan ya ce Corolla, wancan ya ce RAV4, wani ya ce shi dai a samo masa doguwa irin ta Alhaji wane. Da wuya ka ji wanda ya fara da faɗin abin da motar za ta riƙa ɗauka da hanyar da za ta riƙa bi, alhali nan maganar take. Inji idan ya gaji, ana sauke shi a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota da muke ce wa Magazin, a ɗora wani. Giya ma haka, fenti kuwa ba a magana. Amma jiki, yadda kamfani ya ƙera shi haka za ka zauna da shi har ranar da ka sayar. Shi ya sa ni jiki nake fara zaɓa, suna ya biyo baya. Ga yadda nake yi daki-daki.

Kayan da za ka riƙe

Tef na awo mai mita 5. In babu, igiya ta isa: ka auna faɗin ƙofar gidanka da ita, ka ƙulla alama, ka tafi da ita gareji.

Tocila mai haske sosai. Fitilar waya tana yi, sai dai ba ta kai lungu.

Kwali ko tsohuwar tabarma, domin sai ka kwanta a ƙasa. Farar shadda ba ta wannan rana ba ce.

Ƙaramin maganaɗisu, a naɗe shi cikin ƙyalle kada ya karce wa mutane fenti. Na tsohuwar sifika ya wadatar.

Takarda da biro, da waya mai data.

Samfurin kayan da ka fi ɗauka, ko kular abinci ce, ko buhu, ko keken ɗinki, ko keken guragu na tsoho. Wanda ba ya ɗaukuwa, ka auna tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa ka rubuta.

Fita, wato makanike, naka na kanka, wanda kai za ka sallame shi. Fitan da dillali ya kawo maka, na dillali ne.

Da rana tsaka ake zuwa duba mota, kuma ba lokacin da ake ruwa ba, domin jiƙaƙƙen fenti yana rufe aibi.

Mataki na 1: Rubuta aikin motar tun kana gida

Abu huɗu za ka amsa wa kanka a takarda: mutum nawa za ta ɗauka a ranar da aka saba, wane kaya, wace hanya, sannan ina za ta kwana.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sayen mota saboda tafiyar da ake yi sau ɗaya a shekara. Mutum kullum tsakanin Aboabo da Adum yake, amma don zai kai iyali Bawku da Babbar Sallah sai ya ɗauko ƙatuwar jif, ya ƙare sauran shekarar yana shayar da ita fetur a cunkoson Kejetia. Ka saya don yau da gobe. Ta Sallah a yi haya.

Maganar wurin kwana kuwa, duk wanda ya san lungunan Asawase da Sawaba da Tafo Zango ya san ba wasa ba ce. Kia Morning tsawonta wajen mita 3.6 ne, Vitz ba ta cika mita 4 ba, Corolla wajen 4.6, Hilux mai ƙofa huɗu ta haura 5.3. Ka auna faɗin ƙofa, da tsawon filin da za ta tsaya, da tsayin rumfa idan akwai. Ka bar wa madubai da buɗe ƙofa wuri, domin motar da ta shiga amma direba bai iya fitowa ba, ba ta shiga ba. Ka kuma dubi gadar siminti da ke kan kwatar ƙofar gida, ka ga yadda ta yi tudu. Za mu komo kanta.

Mataki na 2: Ja da baya, ka ƙirga akwatuna

Da ka isa gareji kada ka shiga mota tukuna. Ja baya kamar taku goma, ka dube ta daga gefe, ka manta da fitilu da ƙyalƙyalin rim. Siffar inuwarta kawai kake so.

Idan ka ga kashi uku a rabe, na inji a gaba, na mutane a tsakiya, na kaya ya fito a baya ƙasa da rufi, wannan mai akwati uku ce. Salun ke nan: Corolla, Camry, Elantra, Civic, Accord.

Idan kashi biyu ne, na inji a gaba sannan rufi ya miƙe har baya ya haɗe mutane da kaya a ɗaki guda, mai akwati biyu ce. A nan ne hacbak da karaban da dukkan jif suke.

Idan hanci gajere ne ƙwarai, mota ta zama kusan dunƙule guda daga gaba har baya, akwati ɗaya ke nan: Hiace, Urvan, Sprinter, motocin da muke shiga a matsayin trotro, wato bas ɗin haya.

Wadda bayanta yake a buɗe babu rufi kuwa, fikof ce, wadda mutanenmu na Najeriya ke ce wa a-kori-kura.

Mataki na 3: Buɗe baya, ka ga inda gilashi ya tafi

Ido yana ruɗuwa, musamman da motocin zamani da ake zubo wa rufi a hankali har baya. Hannu ba ya ruɗuwa. Ka ce, "Maigida, a buɗe mana but," ka tsaya kana kallon gilashin baya. In murfi kaɗai ya tashi, gilashi ya tsaya a wurinsa, salun ce. In gilashi ya tashi tare da murfin, hinjinsa yana can sama a bakin rufi, to ƙofa ce ta biyar, ko da daga nesa motar ta yi kama da salun. Shi ya sa a takardu za ka ga an rubuta wa hacbak ƙofa 5 ko 3, salun kuma ƙofa 4. Wata alamar mai sauri ita ce waifa a gilashin baya. Mota mai tsayayyen baya iska tana murɗawa a bayanta ta manna mata ƙura, don haka ake sa mata waifa. Duk mai Vitz ya san haka da hunturu.

Tsakanin hacbak da karaban, ginshiƙan da ke riƙe da rufi za ka ƙirga. Na farko a gefen gilashin gaba, na biyu tsakanin ƙofar gaba da ta baya, na uku a bayan ƙofar baya. A hacbak, mota ta kusa ƙarewa a na ukun. A karaban akwai doguwar taga bayansa, sannan ginshiƙi na huɗu, kuma jiki ya wuce tayar baya da nisa. Opel Astra Caravan da ke kwasar kayan 'yan kasuwa ita ce misalin da kowa ya sani, manya kuma ba su manta da doguwar Peugeot 504 ba. Toyota Matrix da 'yar'uwarta Pontiac Vibe suna tsakani, sun fi hacbak ciki, ba su kai karaban tsawo ba.

To, wace ce ta wa?

Salun tana raba kaya da mutane. In ka sayo busasshen kifin Yeji ko galan na fetur, warin yana can baya. Ɓarawo ba ya ganin abin da ke ciki, ƙarar hanya ba ta cika shigowa ba, kuma a doguwar tafiya irin ta Kumasi zuwa Akara ta fi kwanciya a titi. Masu tasi da ke ɗora tukunyar gas ma, gara tukunyar tana but ɗin da ya rabu da fasinja. Aibinta bakin but: cikin yana da faɗi, ƙofar ce ƙarama. Ƙaramin firiji ko janareta sai ya tsaya a baki ya ƙi shiga.

Hacbak akasin haka ce. Bakin yana da girma, in ka kwantar da kujerun baya sai ta haɗiye abin da Camry ta kasa. Gajera ce, tana samun wurin tsayawa a Adum inda wasu ke zagaye, kuma ƙananan irin Morning da i10 da Vitz masu inji lita 1.0 zuwa 1.3 ba su da cin mai, dalilin da ya sa masu Bolt da Uber suka rungume su ke nan. Amma in kujerun baya suna ɗauke da mutane, wurin kayan da ya rage ɗan kaɗan ne. Mutane da kaya, ɗaya za ka zaɓa. Kuma tsakanin kan mai zama a baya da bamban baya babu nisa, abin da ya kamata mai yara ya yi tunani a kai idan babbar hanya zai riƙa hawa.

Karaban, a ganina, ita ce motar da aka fi rainawa a garin nan ba da haƙƙi ba. Tana ɗaukar mutum biyar da kayansu lokaci guda, da man salun da kuɗin tayar salun. Laifinta kawai ba a yi wa mai ita kallon mai kuɗi. Hajiyar da ke da shagon atamfa a Alabar, ita nake fara nuna mata.

Mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba. Ta farko shiga bayanta wahala ne ga dattijo mai babbar riga, ta biyu kuma rufin yadi ne a garin da ake damina biyu a shekara. Ƙofarsu ko gilashinsu in ya fashe, nema ne.

Mataki na 4: Shimfiɗa kwali, ka leƙa ƙarƙashi

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, kuma a nan ake asarar kuɗi mafi yawa. Duk mota mai tsayi jif muke ce mata, amma iri biyu ce, kuma ginin ba ɗaya ba ne.

A tsaida mota a wuri mai daidai, a kashe inji, a ja birkin hannu. Kwanta ta wajen ƙofar direba ka haska. In ka ga manyan ƙarafa biyu masu kauri sun miƙe daga gaba har baya, da wasu a gicciye sun haɗa su kamar tsani, jikin motar kuma yana zaune a kansu bisa robobi da kusoshi, wannan mai shasi ce. Land Cruiser da ake ce wa V8, Prado, Fortuner, 4Runner, Patrol da duk fikof irin Hilux da Navara haka suke. Fortuner ma a kan ginin Hilux aka yi ta. In kuwa faranti ɗaya ka gani shimfiɗe, mai ƙwarya-ƙwarya, ba ka ga inda jiki ya rabu da ƙasa ba, to jiki guda ce, gininta irin na salun, an dai ɗaga ta sama. RAV4, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1994, da CR-V da Tucson da Santa Fe da Highlander duk a nan suke. CR-V daga ginin Civic ta samo asali, Highlander daga na Camry.

Bambancin a aikace ga shi. Mai shasi tana jure duka. Hanyar gona ta bayan Ejura da damina, ramuka, jan tirela, kaya mai nauyi kullum, shasi ne ke shan wahalar, jiki yana sama. Amma nauyi gare ta, tana shan mai, tayarta da shokazobarta da tsada, kuma tana rangaji a kwana. Mai jiki guda ta fi sauƙi, ta fi laushin tafiya, ta fi tsimin mai, kuma a kan kwalta ta fi biyayya. Ramin cikin gari da ruwan da ke kwanciya a titi bayan an yi sama, tana wucewa lafiya. Abin da ba ta so shi ne a mai da ita motar daji. In aka yi ta dukanta a kan burji da lodi, ƙofofi sukan fara ƙara, wurin da shokazoba ke zama ya fara tsagewa, kuma tun da jikin shi ne ƙashin bayanta, gyaran ba ƙarami ba ne.

Ni ra'ayina, mutum goma in sun ce jif suke so a Kumasi, yawancinsu mai jiki guda ta ishe su. Mai shasi ta ɗan kwangila ce, da mai gona, da mai sayen hatsi da shanu a ƙauyukan arewa.

In ƙasa ta yi laka ko jikinka ba ya ba ka damar kwanciya, kunna bidiyo a waya da fitila, ka zura hannu ƙarƙashi ka ɗauka. Wanda ya fi duka shi ne a kai ta wurin wanki ko wurin canjin mai inda akwai rami. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko minti ɗaya ne.

Mataki na 5: Tabbatar ko tayoyi huɗun suna ja

Kana nan kwance, duba tsakanin tayoyin baya. Motar da ke ja da baya ko da duka huɗu, galibi za ka ga farfela, wato dogon bututun ƙarfe da ya taho daga giya, ya shiga wani dunƙulen ƙarfe a tsakiyar tayoyin baya. In babu farfela babu dunƙule, tayoyin gaba kaɗai ke ja, komai tsayin motar. RAV4 da CR-V da Highlander da yawa da ke shigowa daga Amurka haka suke, kuma ba aibi ba ne muddin ba a karɓi kuɗin mai ja da huɗu a hannunka ba. Tambarin AWD ko 4WD da ke manne a baya kada ya ruɗe ka, ana sayar da shi a shago.

A fikof kuma akasin haka ake dubawa. Baya dai yana ja. Gaban ne abin tambaya. Nemi ƙaramin sandan giya na biyu ko maɓallin da aka rubuta H2, H4, L4, sannan ka leƙa ka ga ko akwai sandunan da ke shiga tayoyin gaba. Wani lokaci za ka tarar an cire farfela saboda ta lalace ba a gyara ba. Gurbin kusoshinta zai nuna maka.

Mataki na 6: Auna tsayinta daga ƙasa

Ba daga ƙofa ake aunawa ba. Nemi abin da ya fi kusa da ƙasa, galibi salansa ne ko kwanon man inji, ka auna daga nan. Salun takan ba da santimita 13 zuwa 15, jif mai jiki guda wajen 17 zuwa 21, mai shasi da fikof 21 zuwa sama. Sai ka sa mutum uku su zauna a baya ka sake aunawa, domin awon motar da babu kowa ciki ba shi ne zai haye tudun rage gudu na hanyar Techiman ba.

Duba kuma tsawon hancin da ya wuce tayar gaba. Shi ke gogar gadar kwata a ƙofar gida. Hacbak mai gajeren hanci sau da yawa takan hau inda doguwar salun ke barin bamba a ƙasa, alhali tsayinsu ɗaya.

Wasu sukan sa a ɗaga musu salun da roba a kan sifirin. Kaɗan ba laifi, amma in ya yi yawa yana cin shaf da taya. Kuma ka sani tsayi yana da farashinsa: mota mai tsayi ta fi saurin kifewa in aka karya kwana da gudu, balle an ɗaure mata buhuna a kan rufi.

Mataki na 7: In fikof ce ko motar jama'a

Fikof iri biyu aka fi gani. Mai ƙofa biyu bayanta yakan kai wajen mita 2.3, mai ƙofa huɗu wajen mita 1.5 kacal, domin kujerun baya sun cinye sauran. Mai ɗaukar katako daga Sokoban ko rodi, ƙofa biyu ce tasa. Nauyin da irin su Hilux ke ɗauka yana wajen tan ɗaya, kuma har da mutanen da ke ciki ake lissafi. Buhun siminti kilo 50 ne, sai ka yi lissafinka. Sifirin ɗinta na baya galibi mai falle-falle ne, an yi shi don lodi, saboda haka in babu kaya tana tsalle, kuma bayan yakan zame a jiƙaƙƙen titi. Wanda ya saye ta don kai yara makaranta zai gaji da ita. Abin da ke gare ta na daɗi, kayan gyaranta ba sa wuya, kuma tun 2021 ana haɗa Hilux a Tema, Navara ma tun 2022. In lodi ne zalla a cikin gari, ƙaramar Kia Bongo ko Hyundai Porter mai shimfiɗaɗɗen baya ta fi fikof amfani, in kuma kuɗi bai kai ba, aboboyaa, babur mai taya uku na ɗaukar kaya, tana nan.

Mai iyali da yawa kuwa, tsakanin jif mai layi uku da irin su Sienna yake. Ka shiga layi na ukun da kanka ka zauna. A jif da yawa wurin yara ne, gwiwa tana taɓa ƙirji, kuma da an ɗaga kujerun babu sauran wurin kaya. Sienna ƙasanta a kusa yake, tsohuwa tana shiga ba sai an ɗaga ta ba, ƙofarta mai zamewa ce ba ta bugun bango a lungu. Sai dai ba ta da tsayi, ba ta son mugun burji.

Bas irin Sprinter, da yawa motocin kaya ne aka yanka musu tagogi aka yi waldar kujeru. Duba bakin tagogin da ƙafafun kujerun da kyau. Kujerar da aka ɗiga wa walda a kan siririn faranti, ranar haɗari ita ke fara tashi.

Mataki na 8: Gwada da kayanka da mutanenka

Gani ya kori ji. Ɗauko kular nan ko keken ɗinkin ka sa, ka rufe but. Gyara kujerar direba daidai kai, sannan ka koma bayanta ka zauna, da hularka a kai. Motocin da aka zubo wa rufi suna da kyan gani, amma dogon mutum sai ya sunkuya.

Buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a ginshiƙi. A motocin Amurka an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. Na salun irin Corolla yana tsakanin kilo 370 da 400. Manya biyar masu kilo 70 sun riga sun kai 350, ka ga ke nan buhun masara ba shi da gurbi. Masu cika but har bamba yana jan ƙasa, shokazoba da taya suke biya.

Mataki na 9: Bincika ko jikin na gaskiya ne

Da yawa daga cikin hom-yus, wato motocin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasar waje, da ke sauka a Tema daga Amurka da Kanada, daga gwanjon motocin haɗari aka sayo su aka gyara a nan. Wannan ba sirri ba ne, kuma masu gyaran bodi na Magazin gwanaye ne. Abin da kake so ka sani shi ne ina dukan ya taɓa. Fenda da bamba da ƙofa, canzawa ake yi a wuce wurin. Ginshiƙi da ƙasan mota da ƙarafan da ke riƙe da inji, waɗannan su ne ƙashi, kuma a mota mai jiki guda in sun karye ba sa komawa yadda suke.

Bi jikin da maganaɗisu. Inda ya kama ko'ina sannan ya saki a wuri guda, an cika wurin da foti, wato abin da ake shafawa a cike lotsawa kafin fenti. A lura, bamba roba ce, kuma wasu motocin bonet ɗinsu na alminiyam ne, ba ya kamawa tun asali. Zura yatsa a tazarar ƙofofi da bonet, hagu da dama su zo daidai. Ja robar bakin ƙofa ka duba: waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere, ta gareji kuwa dunƙule ce mai kaushi. Ɗaga kafet, ka fitar da safaya taya ka haska raminta. A salun nan ruwa ke taruwa; a hacbak da karaban, bakin ƙofar baya da hinji ne ke tsatsa; a mai shasi, ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana, musamman motar da ta fito daga ƙasar ƙanƙara inda ake zuba gishiri a titi. Idan ka ga layin walda ya ratsa ƙasan mota daga wannan gefe zuwa wancan, mota biyu aka haɗa. Yi sallama ka tafi, komai arahar ta.

Sai batun sitiyari. Gana ta koma tuƙi a hannun dama tun 4 ga Agusta 1974, don haka motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Vitz kuwa don kasuwar Japan aka yi ta, da sitiyari a dama, sai an juya. Za ka gane juyayya idan sandan sigina yana dama, ko waifa tana share ɓangaren fasinja fiye da na direba, ko abin buɗe bonet yana can wajen ƙafar fasinja. Akwai juyi mai kyau, akwai na ganganci. A nan fitanka zai ci kuɗinsa: ya duba sandar sitiyari da bututun birki, ya tabbatar ba a yanka an yi walda ba.

Mataki na 10: Haɗa jiki da takarda

Lambar shasi tana da harafi da lamba 17. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da kan takardar ginshiƙin ƙofa, da kuma inda aka buga ta a ƙarfen motar. Duka su zo ɗaya da abin da ke takardar kwastan da ta DVLA, hukumar rajistar motoci. Harafin farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, K Koriya, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara: A 2010, D 2013, F 2015, J 2018, L 2020. Motar da aka yi don cikin Japan lambarta gajera ce ba ta kai 17 ba, wannan ma shaida ce cewa asalinta mai sitiyarin dama ce. Sa lambar a intanet, sau da yawa za ka ga irin jikin da kamfani ya rubuta, wani lokaci har da hotunan ranar gwanjo.

Kwastan suna lissafin kuɗin fito da darajar mota da girman injinta da rukuninta da shekarunta, kuma wadda ta haura shekara 10 akwai tara a kanta. In takarda ta ce motar kaya ce amma kana ganin kujeru, ko ta ce salun kana ganin hacbak, kada ka karɓi "za a gyara daga baya." A gyara a DVLA tukuna. In haya za ka yi da ita, lamba mai ruwan ɗorawa za ka ɗaura ba fara ba, inshorar ma ta haya, tasi kuma sai an shafa wa fendojinta launin ruwan ɗorawa da aka san tasi da shi.

Abu na ƙarshe, suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Yaris akwai salun akwai hacbak, haka Civic da Elantra da Astra. Inji yana iya zama ɗaya, amma fitilar baya da bamba da gilashi da murfin but kowace da nata. Kafin ka miƙa kuɗi, ɗauki hoton bayan motar ka zaga Magazin, ka tambayi kuɗin fitila da gilashin baya a shago uku. In aka ce maka, "Masta, wannan sai an aika Abossey Okai," wato kasuwar kayan mota ta Akara, ko sai an yi oda daga waje, ka cire wannan daga abin da za ka taya.